Yadda Na Mai da 'Ya Yar Ubanta

Ba ni da zurfin karatu. Sakandare na gama a Zariya, na zo Abuja na yi shekaru a shagon kawuna a Dei-Dei ina auna ƙusa ina ɗaga kwanon rufi, daga baya na koyi buga takardu da kwamfuta a wani shago a Dutse Alhaji, unguwar da nake zaune har yau. Abu ɗaya nake taƙama da shi, Hausata. A garin da mace za ta ce "ni ne", a kuma ce wa namiji "ta zo", sai na naɗa kaina alƙali. Ba na faɗa da baki, amma a zuci ina gyara wa mutane magana tun daga tasha har ofis. Na fara da wannan ne domin a nan laifina ya samo asali.

Ofishin da na samu aiki ɗaki biyu ne a saman wasu shaguna kusa da kasuwar Gudu. Mai wurin mace ce da na girme ta da 'yan shekaru, haifaffiyar Abuja, ta karanta kwamfuta sosai. Madam nake ce mata, ita kuma ta ce mini Malam. Teburina na jikin taga. Daga nan ina hango lemomin masu tumatir da hayaƙin mai gasa nama, in kuma aiki ya yi sauƙi sai in bar idona ya bi gajimare har ya ɓace bayan gine-gine.

A shekarar da nake magana, wata ƙungiya ta manoma 'yan asalin wani ƙauye a hanyar Bwari ta kawo mana aiki. Gidajen zamani sun cinye yawancin gonakinsu, saura wani fili a bayan dutse. Dattawansu sun yanke cewa za a raba shi tsakanin 'ya'yan masu gonakin farko, maza da mata, kafin ruwan shuka. Sun bi gida-gida sun cike fom: wane ɗan wane, wance 'yar wane, wance yar wane, wane ƙanen wane. Namu shi ne mu zuba wannan duka a rumbun bayanai, mu fitar musu da jerin sunayen waɗanda za su samu rabo.

Rumbun ba irin na tebur mai layuka ba ne. Kowace magana gaɓa uku gare ta: mutum, dangantaka, sai wani mutum. In ka zuba su da yawa, kwamfutar ta ɗaure su da kanta, ta zana maka a allo. Kowane mutum ɗigo ne, kowace dangantaka zare. Ranar da Madam ta fara nuna mini hoton na daɗe ina kallo. Ɗigogin suna motsi a hankali kamar abin da ke yawo a saman ruwa, in ka ja ɗaya sai danginsa su biyo shi, kakanni da jikoki, rayayyu da matattu, duk suna lilo tare. Mutanen da ban taɓa gani ba, sunayen da ba na iya furtawa daidai, amma ga su a gabana kowa riƙe da wani. Wani lokaci nakan ja wani tsoho da ya rasu tun kafin a gina Abuja, in kai shi kusurwar allo, in saki, in kalli yadda 'ya'yansa ke janyo shi ya dawo tsakiyarsu.

Madam ta rubuta matakan aikin a takarda ta manna a bango. Na ɗaya, buga abin da ke fom a fayil. Na biyu, ajiye kwafi. Na uku, abin da take kira wanki, wato a bi da fayil ɗin ta wata ƙaramar manhaja da ta rubuta. Na huɗu, lodawa. Ni nake bugawa, ita take yin sauran. Ban taɓa tambayar abin da wankin yake wankewa ba. Na ɗauka ƙura ce kawai, irin su fili biyu tsakanin kalmomi. Tambaya kuma tana yi mini nauyi, don kada ta ga ƙarancin karatuna.

Fayil na ƙarshe na wata ƙaramar unguwa ce a gindin dutsen, gidaje kaɗan. Ranar da na gama buga shi Madam ba ta gari, ta tafi bikin ƙanwarta. Kafin ta tafi ta ce, "Malam, ka ga yadda nake yi. In ka gama ka loda, in ya ba ka wahala ka kira ni, ko ina tsakiyar rawa ne."

Na tsallake na biyu da na uku, na tafi na huɗu kai tsaye, don ina so in kama mota kafin cunkoso. Rumbun ya ƙi karɓa. Jan rubutu ya fito, da Turanci, yana cewa an buɗe zance a layi na sha bakwai ba a rufe ba. Na duba layin, ban ga wani zance ba. Wance 'yar wane, shi ke nan. Na sake lodawa, ya sake ƙi. Na kashe kwamfutar na kunna, na je na yi sallar la'asar na dawo, jan rubutun yana nan inda na bar shi. Sai da na zura wa layin ido na wani lokaci sannan na gane. Ɗan waƙafin saman nan da muke sawa a gaban 'ya, shi kwamfutar ta ɗauka alamar buɗe zance ce, tana ta jiran a rufe.

Na ji daɗin kaina ƙwarai da na gano haka. Wayata tana kan tebur, lambar Madam tana sama. Ban kira ba. Na umarci kwamfutar ta nemo duk waƙafin sama da ke fayil ɗin ta goge. Ta goge cikin ƙiftawar ido. Na adana a kan na asali, na loda, ya shige lafiya, koren rubutu ya fito. Na rufe ofis na sauko ina jin kaina injiniya.

Ni da nake gyara wa mutane Hausa a zuci, ban tsaya na karanta abin da na yi ba. In ka cire wa 'yar waƙafinta, yar ta rage. Kuma yar kalma ce da rumbun ya sani, don tana cikin dangantakokin da Madam ta koya masa: mace da ta girmi ɗan'uwanta. Saboda haka bai yi ƙorafi ba. Duk 'ya'ya matan unguwar nan, a yammaci ɗaya, na mai da su yayyen ubanninsu.

Da Madam ta dawo ta yi wa rumbun tambayar da aka ɗauke mu aiki dominta: nuna duk wanda yake ɗan ko 'yar mai gonar farko. Sunaye suka zubo shafi-shafi, maza da mata, don sauran unguwannin ita ta loda su da wankinsu. Ba wanda ya lura cewa unguwa ɗaya maza zalla ta bayar. Aka buga, aka sa hannu, aka kai ƙauye.

Bayan kamar mako guda sakataren ƙungiyar, wani tsohon malamin firamare, ya hawo benenmu tare da wata dattijuwa. Ta rataya ƙunshinta a kafaɗa yadda matan wurin suke yi, ba a ka ba. Ta ƙi kujera mai juyawa, ta ce za ta kayar da ita, ta zauna a benci.

"Babana shi ya sare dajin nan," ta ce. "Ni ne 'yarsa na fari. An kira ƙannena duka a gaban mutane. Wanda ya mutu ma an kira yaransa. Ni ina zaune, ina jira, har aka rufe takarda."

Sakataren ya ƙara bayani. Mijinta ya rasu, ta dawo gidan ubanta, noma ne abincinta. Ta ajiye irin doya tun bara tana jiran wannan rabon. Sauran matan unguwar suna gidajen aure a nesa, ba su ma san an karanta suna ba. "Duk garin an san ta, Madam," ya ce. "Amma dattawa sun ce abin da takarda ta faɗa shi za a bi. In aka fara ƙara suna da baki, rigima ba za ta ƙare ba."

Madam ta buga sunan dattijuwar. Ɗigonta ya fito, zare ɗaya tak ya haɗa ta da mai gonar, a kan zaren an rubuta yar. Ina tsaye a bayan Madam. Kafin ta gama karantawa na riga na san komai, tun daga jan rubutun har koren.

Ta juyo. "Malam, fayil ɗin nan kai ka loda. Ka yi wanki?"

"Na yi," na ce.

"To daga ina wannan ya fito?"

Abin da na faɗa bayan nan shi ya fi damuna har yau, fiye da ƙaryar farko. Na rage murya, amma ba sosai ba, na ce, "Madam, kin san Hausar mutanen nan. Ba sa bambance namiji da mace, balle waƙafi. Abin da na gani a fom shi na buga."

Sakataren ya ji. Ya gyara tabaransa. Dattijuwar tana kallon allon, ta nuna da yatsa ta ce, "Wannan ƙwayan ni ne?" Madam ta ce mata e. Ta ce, "Ƙarami haka."

Fom ɗin sun riga sun koma ƙauye cikin kwalaye, a ɗakin ajiyar coci, ba a jere ba. Aka tsaya a kan cewa sakatare zai nemo nata in ya samu sarari, dattawa kuma za su saurari ƙorafe-ƙorafe bayan an gama rabo. Suka sauka. Na leƙa ta taga na ga dattijuwar tana ratsa kasuwa, ƙunshin a kafaɗa, har lemomin suka rufe ta.

Mako uku na yi shiru. Ba zan ce ban san abin da shirun yake ci ba, don ni ma ɗan manomi ne, na san doya ba ta jiran zaman dattawa.

Kwanakin nan ban san yadda zan bayyana su ba. Kamar ina tafiya a cikin ruwa. Da safe in shiga mota daga Dutse Alhaji, in zauna jikin taga, in ga hadari yana haɗuwa a kan duwatsun hanyar Bwari, kowace rana ya fi jiya duhu. Sai in fara ganin zare a ko'ina. Daga kwandasta zuwa wata tsohuwa a wani gari da ban sani ba. Daga mai sayar da biredi zuwa jaririn da ke bayanta. Daga masu babura da ke jira a mahaɗa, kowa da nasa, dogaye, sun bi ta saman gadoji sun nufi Kano da Katsina da kudu. Gari duka saƙa ɗaya, yana lilo a hankali. A cikin saƙar akwai wuri guda da na sa hannu na kwance, na ɗaura a inda ba nan ba.

A ofis, in Madam ta fita, nakan buɗo unguwar in zauna ina kallo. Ga mata nan rataye a gefen ubanninsu maimakon ƙarƙashinsu, ba uwa ba uba, kamar sun faɗo daga sama. Nakan ja ɗigon dattijuwar in kawo shi inda ya kamata ya zauna, cikin ƙannenta. In na saki sai ya sulale ya koma gefe. Na yi tunanin gyarawa a ɓoye. Amma na goge na asali, kuma a unguwar akwai yayye na gaskiya, ban san wacce ce wacce ba sai da fom. Ko da na gyara a rumbun, takardar da ke ƙauye ba za ta gyaru ba sai an faɗi dalili. Kullum ina cewa gobe zan faɗa. Har na shirya kalmomin a mota, in na hau bene su watse.

Ruwan farko ya sauka wata Talata da hantsi. Masu tumatir suka yi ta jan leda, ƙamshin ƙasa ya shigo ta taga. Na tashi na rufe tagar, Madam ta ce in bar ta a buɗe, tana son ƙamshin.

Ina so in ce imani ne ya sa na yi magana, amma ba haka aka yi ba. Wata mata ta biyu daga unguwar ta ji labari a gidan mijinta, ta kira sakatare, shi kuma ya kira Madam. Da ta ajiye wayar ta jawo kujerarta kusa da tawa.

"Kuskure ɗaya na mai cike fom ne," ta ce. "Biyu a unguwa ɗaya kuwa, sai mu tambayi rumbun. Muna da kimanin shekarun kowa. Buga wannan: nuna mini duk yar da ƙanenta ya girme ta."

Ni ta sa na buga, da hannuna. Ta faɗa, ina bugawa, na yi kuskure sau biyu ta gyara mini. Na danna. Sunaye suka fito, ba su da yawa, dukansu daga fayil ɗaya. A sama akwai dattijuwar, yar mutumin da ya girme ta da shekara kusan talatin.

Madam ba ta dube ni ba, allon take kallo. Na faɗa mata duka, kwafin da ban ajiye ba, wankin da na tsallake, waƙafin da na goge, da cewa na sani tun ranar da suka zo.

"Ka san abin da wankin yake yi?" ta ce. "Waƙafin nan yake cirewa ya sa y mai ƙugiya a madadinsa, harafi ɗaya, don kada rumbun ya rikice. Shi ke nan aikinsa. Da ka tambaye ni, minti ɗaya ne." Ta juyo ta dube ni. "Gogewar ba ta dame ni ba, Malam, kowa na yi. Ni na taɓa share aikin wata guda. Amma ka tsaya a gaban matar nan ka ce Hausarsu ce."

Ba ta kore ni ba. Ta ce kowane fayil ɗakinsa daban a rumbun, saboda haka za ta kwashe na unguwar gaba ɗaya ba tare da ta taɓa sauran ba. Ni kuma in tafi ƙauyen in nemo fom ɗin in sake bugawa daga farko, kuma ni zan yi wa dattawa bayani da bakina.

Kwana biyu na yi a ɗakin ajiyar cocin, tsakanin gangunan mawaƙa da kujerun roba, ina zazzage kwalaye. Da na samo fom ɗin dattijuwar na kai shi bakin ƙofa inda haske yake. Rubutun sakatare ne, irin na malaman da, a tsaye, a tsabtace. Ga waƙafin nan a gaban 'yar, ya ma danna biro sosai har ya fito ta bayan takardar. Duk fom ɗin unguwar haka suke, ba wanda ya rasa nasa.

Na koma ofis na buga, na ajiye kwafi, na yi wanki, na loda. Muka sake tambayar yar da ƙanenta ya girme ta, ba suna ko ɗaya. Muka tambayi 'ya'yan masu gona, matan suka fito. A allo ɗigon dattijuwar ya sauko da kansa ya zauna cikin ƙannenta.

Sai bayan wasu makonni dattawa suka saurare ni a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro. Na yi bayanin waƙafi sau uku kafin wani ya fassara wa sauran da harshensu, aka yi dariya, aka kuma yi tsaki. Sun karɓi sabuwar takardar. Sai dai an riga an raba fili mai kyau, kowa ya tara ƙasarsa tsibi-tsibi, doya har ta fara kama sanda. Abin da ya rage wani yanki ne can jikin dutse, mai tsakuwa. Shi aka yanka wa matan.

Na sami dattijuwar a ƙofar ɗakinta tana tsince wake a faranti. Na durƙusa na gaishe ta.

"Kai ne?" ta ce. "Kai ne ka sa na girmi babana?"

"Ni ne, Mama."

"To da ka gaya mini tun da wuri, da na aike shi ɗiban ruwa kafin ya mutu." Matan da ke kusa suka fashe da dariya, ita ma ta yi, har ta share ido da bakin zane. Sannan ta nuna mini wata rumfa da haɓa. "Je ka duba."

Irin doyar ne a ƙarƙashin ciyawa. Wasu sun tsiro sun yi dogayen hannuwa farare suna neman ƙasa, sun yamushe. Wasu sun ruɓe. Ta ce masu kyaun ta ba ɗan ƙanenta ya shuka a nasa, don kada su lalace a banza.

"Bana babu doya," ta ce. "Wake zan sa, shi bai da fushi."

Na ce ta yafe mini. Ta ci gaba da tsintar wakenta kamar ba ta ji ba. Can ta tambaye ni ko na iya riƙe fartanya, ko kuwa danna-danna kawai na sani. Na ce a gona na tashi.

"Za mu gani. Asabar ka zo da sassafe, akwai duwatsu."

Na je Asabar ɗin, da wadda ta biyo baya. Muka kwashe duwatsu muka jera su a iyaka, tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Ta bi kunyoyin da na yi ɗaya bayan ɗaya tana rushe rabinsu da ƙafa, ta ce sun karkace, ruwa zai tafi da su. Da rana ta yi sama muka zauna a inuwar dutsen, ta miƙo mini ruwa a gora. Daga wurin ana hango gonakin ƙannenta a ƙasa, kore shar, sandunan doya a jere. Ta daɗe tana kallonsu. Ban sake roƙonta gafara ba, ita ma ba ta ta da maganar ba. Ta ƙarasa shan ruwanta ta ce in tashi, saura layi huɗu.